Filasta Biyar

Murfi na huɗu take kurɓa lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Murfin kwalbar maganin tari ne, da shi take auna ruwan sha, ɗaya duk bayan minti goma sha biyar, kamar yadda likita ya gindaya mata. Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka yanke kashi uku cikin huɗu na tumbinta a wani asibiti a ƙasar waje, kwana huɗu da dawowarta gida. Ta jefa murfin a aljihun doguwar rigarta, ta dafa bango ta tafi buɗewa.

Mama ce, da babbar kula a hannu.

"'Yar Lukuta, sai na biyo sawu? Mutum ya dawo daga kwas ya shige ɗaki kamar kaza mai kwanci?"

Tun tana aji uku a firamare ake kiranta da wannan suna, har ƙannenta. Kwas ɗin kuwa ƙarya ce da ita da mijinta suka shirya: wai ɗakin karatun jami'a inda take aiki ne ya tura ta na sati biyu. Ta san da ta faɗi gaskiya Mama za ta hana, ita kuma ba ta taɓa iya tsallake maganar Mama ba. Mijin, wanda duk dangi ke kira Injiniya, ya sa hannu a takardu, ya kai ta filin jirgi, ya ce ita ta san uwarta. Ita kaɗai ta tafi. Ita kaɗai ta farka da bakinta a bushe kamar takarda, kafaɗarta na sara, wata tafinta na gaya mata ta tashi ta yi tafiya. Ta yi ta zagaye a dogon baranda tana tura sandar ƙarin ruwa, tare da wasu mata daga ƙasashe daban-daban, ba mai jin yaren wani, sai dai su ɗaga wa juna kai in sun haɗu a kwana.

Mama ta wuce kicin kai tsaye, ta buɗe kula. Shinkafa ce da soyayyiyar kaza. Ƙamshin ya cika gidan, ya zo ya tsaya wa 'yar a maƙogwaro. Ta ce ta ƙoshi. Mama ta yi dariya, ta ce yau kuma da sabon salo, tun da ta haife ta ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinta ba. Ta zuba faranti ta tura mata, ta zauna ta zuba mata ido. Ta ce tun asuba take tsaye a kan wannan girki, da ciwon gwiwarta.

Cokali ɗaya ta ɗauka. Ta tauna har shinkafar ta zama ruwa, ta haɗiye. Sai ta ji kamar an cusa mata dutse a tsakiyar ƙirji. Ta miƙe a hankali, hannu a kan ciki, ta isa banɗaki da ƙyar. Aman bai da yawa, amma kowane yunƙuri sai ta ji ɗinkin na ja. Da ta ɗago, hawaye a fuskarta, ta ga Mama a bakin ƙofa ta cikin madubi.

Mama ta dubi fuskar da ta ɗan faɗa, ta dubi hannun da ke dafe da ciki, ta dubi rigar da ba ta kama ko'ina ba. Ta tambaya ko tun yaushe abinci ya daina zama. Ta ce kusan sati biyu. Ƙamshi ma yana damunta? Ta ce e. Sai fuskar Mama ta saki gaba ɗaya, irin sakin da ta daɗe ba ta gani ba. Ta kama ta da hannu biyu kamar ƙwai, ta kai ta gado, ta gyara mata matashi, ta ce ta kwanta ta ɓangaren hagu, kada ta ƙara ɗaga ko bokiti. Ta fita ta ja ƙofa.

Ita kuwa ta ji daɗin hannun. Shi ya sa ta makara wajen ganewa. Sai da muryar Mama ta shigo ta taga daga baranda, ƙasa-ƙasa.

"Allah ya amsa. Shekara takwas, Yaya. A'a, ba ta faɗa ba, kin san ta da nauyin baki. Ni na gani da idona."

Ta yi yunƙurin tashi, ɗinkin ya mayar da ita. Kafin ta lallaɓa ta zauna a bakin gado Mama ta gama da yayar tata, Goggo, ta kira wata. Tata wayar ta fara motsi a kan durowa. Ƙanwarta ta turo hoton takalman jarirai. Wata 'yar kawunsu da rabon da ta kira ta tun bikin ƙaninsu ta rubuta cewa dama ta yi mafarki.

Ta kira Injiniya a ofis. Ya ɗauka da sauri, yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce yana shirin shiga taro. Ya riga ya ji. Mahaifiyarsa ta kira shi yanzun nan tana kuka.

"Me ka ce mata?"

"Me zan ce? Amin na ce."

Ya ce kada ta tayar da hankalinta, ba shi da kyau ga ɗinki, in ya dawo sai su san abin yi. Ta tuna masa cewa likita ya ce kada ta kuskura ta ɗauki ciki sai bayan shekara ɗaya da rabi. Ya ce ya sani. Ta ji wani na kiransa daga nesa, ya ce mata yana zuwa, ya kashe.

Lokacin ruwa ya wuce sau biyu ba ta sha ba. Ƙarfe goma sha biyu ta yi, lokacin allurar hana daskarewar jini da take yi wa kanta kullum a gefen ciki. Ta ciro akwatin allurar daga ƙarƙashin kayan sawa inda take ɓoye shi, ta ajiye a kan gado a fili. Sannan ta kira Mama.

Mama ta shigo da murmushinta, waya a hannu. Ita kuwa ba ta san ta inda za ta fara ba, sai kawai ta ɗaga rigar. Filasta biyar ne ƙanana a warwatse a kan cikin, gefensu ya yi shuɗi-shuɗi saboda allura. Ta faɗi komai a jere, ba ta ɗaga kai ba: babu kwas, babu ciki, aiki aka yi mata don ta rage ƙiba.

Mama ta zauna a kan kujerar madubi. Ta tambaya ko wani ciwo aka gano a cikin tumbin. Ta ce a'a.

"Lafiyarki ƙalau kika ɗauki ƙafa kika kai kanki aka yanka?"

Ta ce ba ƙalau ba. Ta ce hawan jini, ta ce gwiwa, ta ce likitoci uku sun gaya mata maganar haihuwa sai nauyi ya sauka. Ta ce ranar auren ƙaninta, a gaban mata sun fi talatin, wa ya ce ina ɗa zai samu wurin kwanciya a wannan kitse? Wa yake cewa a kawo wa 'Yar Lukuta kujerar ƙarfe, ta roba ba ta da laifin kowa?

"Wasa nake yi," in ji Mama. "Uwa ba ta wasa da 'yarta?"

"Na ji, Mama."

"Da kin tambaye ni, da na ce miki haka nake son ki."

Ita dai ta ɓare allurar, ta nemi wurin da bai yi shuɗi ba. Rigar na ta zamewa tana rufe wurin. Mama ta taso ta riƙe mata gefen rigar, ta kawar da fuskarta wajen taga. Da aka gama ta tambaya ko da zafi, ta ce kaɗan. Ta tambaya wa ya zauna da ita a asibitin. Ta ce ba kowa. Mama ta sa bakin mayafi ta goge ido, har 'yar ta ɗauka yanzu za a ce mata sannu.

Amma Mama wayarta ta duba. Ta fara lissafa waɗanda ta kira da yatsu, ta cika hannu ɗaya ta shiga na biyu. Ta ce da wane baki za ta koma ta ce musu ba haka ba ne, 'yarta ce ta je aka yanke mata ciki don kwalliya? Surukai fa sun ji. Gobe a ce tarbiyyar gidansu ke nan, a ɓoye wa uwa abu har ta tozarta kanta da girmanta.

"Ba don kwalliya ba ne, Mama."

"Su za su tsaya tambaya?" Ta juya wayar a hannu. Da ta sake magana muryarta ta daidaita, irin wadda take tsara hidimar gida da ita. "Ki bar shi a haka. Nan da wata biyu sai mu ce ya zube. Ba wanda zai tambayi mai ɓari komai. Ramar da za ki yi ma, kin ga ta samu dalili."

Ta dubi mahaifiyarta. Ta buɗe baki, sai aka ƙwanƙwasa ƙofar falo da ƙarfi, muryar Goggo na tashi daga waje, tana tambayar ina mai jegon gobe take.

Mama ta tura akwatin allurar ƙarƙashin matashi, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a madubi, ta mayar da murmushin nan na ɗazu. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Sauke rigarki," ta ce.