Reshen da Ke Ƙarshen Rabo

Kai ma ka taɓa ganin irinsa a wurin aikinka, kada ka ce ba ka gani ba. Abin da aka ɗora a karkace tun ranar farko, aka ce na wucin gadi ne, kowa ya saba da shi har ya zama abin ba'a. Ka taya su dariya, ka kau da kai. To, ga inda irin wannan sakacin ya kusa kai Auta.

Auta ce ke tsara rabon kaya a wani kamfani mai rarraba kayan asibiti. Teburinta na ƙarƙashin wata fanka da ke watsa takardu amma ba ta busar da gumi. Kowace safiya takan kunna manhajar tsarawa, manhajar ta duba abin da ke babban sito, ta bi rassa ɗaya bayan ɗaya tana cika musu buƙata. Reshe mai lamba ɗaya ya ɗiba ya ƙoshi, na biyu ya ɗiba, haka har ƙasa. In kaya sun wadata babu mai kuka. In sun yi ƙaranci, na ƙarshe ne ke yin ja a allo.

Yadda aka raba lambobin kuwa ba sirri ba ne. Ranar da aka kawo manhajar, mai koyarwa ya tara shugabannin rassa a ɗakin taro, ya bi kujeru daga gaba zuwa baya yana ba su lamba don gwaji kawai. Shugabar reshe mafi nisa mota ta lalace mata a hanya, ta shigo ana tsaka da bayani ta raɓe a bakin ƙofa. Ta samu lambar ƙarshe, ta kuma samu suna, Madam Latti. Mai koyarwa ya ce a gyara kafin a fara aikin gaske, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Shekaru suka shuɗe. Babu sabon ma'aikacin da Dogo, maƙwabcin Auta a teburi, bai ba shi labarin nan ba, har da kwaikwayon yadda ta shigo tana haki.

Sai jirgin da ke ɗauke da ruwan wankin ƙoda ya maƙale a tashar ruwa, abin da ke sito ya yi ƙasa. Reshen Madam Latti ne kuwa ke kai wa ƙaramin asibitin da ake yi wa yayan Auta wankin ƙoda, yayan da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya yi ta taka keken ɗinki har ta gama karatu. Matarsa ta kira da safe, ta ce an dawo da su gida, wai babu ruwa. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi kuma sai a zaune. Auta ta jiyo muryarsa can baya yana cewa a daina tayar wa yarinya hankali tana wurin aiki.

Ta faɗa ofishin Manaja ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce masa rabon nan bai kamata ya bi kujerun ɗakin taro ba, ya kamata ya bi wanda kayansa suka fi kusa ƙarewa. Manaja ba mugu ba ne, mutum ne kawai mai son a bar komai inda ya gan shi. Ya ture kofin shayinsa gefe, ya dube ta.

"Na ji ki, 'yata. Amma jarka ba ta haihuwa a sito. In kika ɗaga yayanki sama, yayan wa za ki saukar?"

Ta nufi ƙofa. Ya ce ta je ta gwada a kwafin gwaji na manhajar, kada ta taɓa na gaske.

Ta juya jerin, ta sa manhajar ta lissafa. Reshen Madam Latti ya koma kore, jan ya sauka a kan wani reshe da ke kai wa asibitin yara. Ta sake juyawa, jan ya koma wani wuri. Duk yadda ta yi, sai wani ya rasa. Dogo ya leƙo ta bayan kafaɗarta, ya koma kujerarsa. Zuciyarta na ce mata ai yaran nan ba ta san fuskarsu ba. Ta janye hannunta daga madannan, ta ɓoye shi a cinya.

Da hankalinta ya ɗan dawo, ta bar shafin jeri ta buɗe wanda ke nuna siton da kowane reshe ke ɗiba daga ciki. Duka an ɗaure su a babban sito. Ƙaramin sito na kusa da tashar ruwa kuwa an ware wa reshe mai lamba ɗaya shi kaɗai, wai don ko ta-kwana. Shi kuma da yake shi ke fara ɗiba a babban sito, bai taɓa jin yunwar da za ta kai shi can ba. Ta kira mai kula da ƙaramin siton ta tambaye shi ko yana da ruwan wankin ƙoda.

"Ranki ya daɗe, yau aka tuna da ni? Jarkokin nan sun tare min hanya, sai na yi gefe nake wucewa banɗaki."

Ta tambayi ranar lalacewarsu, ya duba ya ce da saura sosai.

Ta umarci manhajar ta fara biyan reshe na ɗaya daga ƙaramin sito, ta bar babban ga sauran, ta kuma jera su bisa ƙarancin abin da ya rage musu. Ta danna. Da'irar jira ta yi ta juyawa a allo. Da allon ya cika, ta sauka da ido daga sama har ƙasa, ta sake hawa. Babu ja ko ɗaya.

"Ko jan fenti ne ya ƙare wa kwamfutar?" in ji Dogo.

Dariya ta kufce mata, hawaye na biye. Manaja ya fito ya ɗora tabarau, ya bi rassan da yatsa, ya tsaya a kan na asibitin yara ya daɗe. Sannan ya sunkuya ya shigar da lambarsa ta amincewa, ya ce a ɗora wa mota kaya kafin direba ya tafi cin abinci. Da aka kira Madam Latti sai da ta tambaya ko ba kuskuren lamba aka yi ba.

Washegari da rana Auta ta shiga ɗakin wankin ƙoda. Gadajen duk a cike, injuna na ƙugi a hankali. Yayanta na kwance samɓal, yana barci baki buɗe. Matarsa ta matsa mata a benci, ta riƙe hannunta. Da ya farka ya gan ta, ya tambaya wa ta bar wa aikin.

Manaja dai ruwan ƙoda kaɗai ya yarda a gyara wa jeri. Sauran kayan, in ji shi, sai an zauna an yi taro. Har yau haka suke, kuma a wurinku ma akwai irinsu. Gobe in ka shiga ofis, buɗe tsarin da kuke rabo da shi, ka sauka har ƙasa ka ga wa ke can. Tambayi wanda ya ajiye shi a nan da dalilinsa. In aka ce maka haka aka tarar, kada ka zauna sai an gyara.