Gwajin Kunnen Shugaba

...to amma idan magana ce kaɗai, aku fa? Akun mai kantin bakin layinmu yana cewa "sannu da zuwa" sau hamsin a wuni, har da wanda ya shigo fakewa daga ruwan sama. Ya zama mutum ke nan? A'a. Dole in gyara layin nan na jawabina kafin Lahadi. Da jan biro na rubuta shi, har na ja masa layi biyu a ƙasa: magana ce ta raba ɗan Adam da dabba. Fasto ya ba ni minti goma sha biyar a gaban zumuntar matasa, karo na farko da zan tsaya gaban makirufo maimakon in durƙusa a bayansa ina haɗa waya, ni da na shekara shida ina kula da na'urar sautin coci. Abin da na rubuta ke nan. Ga kuma 'yata a kan cinyata, shekara biyu da wata huɗu, ko "Baba" ba ta taɓa furtawa ba.

Mu ne na bakwai a layi. An kira na biyar. Bencin asibitin nan ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, duk wanda ya tashi sai mu duka mu karkata — ita kuwa dariya take yi, tana zaton domin ta aka shirya wasan. Mamanta tana gefena riƙe da kati, ta naɗe shi, ta warware, ta sake naɗewa.

Shugaba. Kakarta ce ta laƙaba mata. "Ku ƙyale min jikata, manyan mutane ba sa yawan surutu, nuni suke yi a aikata." Gaskiya ne kuwa, da yatsa ɗaya take mulkin gidanmu: kofi, takalmi, ƙofa, ni.

Yaya, da yake malamin kimiyya ne a sakandare, cewa yake wasu masana suna ganin mutanen farko da hannu suka fara zance, shekaru dubbai, kafin harshe ya karɓi aikin. Na ce masa, to sa'ad da Allah ya hura wa mutum numfashi, ashe bai hura masa baki ba? Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙane, kai dai je ka haɗa wayarka." Ban yi fushi ba. Ya yi karatun da ban yi ba, kuma tare muke zama a benci ɗaya ranar Lahadi, muryarsa ma ta fi tawa tashi a waƙa, ko da yake ba ta bin kiɗa. Amma idan hannu ne ya riga... ashe Shugaba ba ta makara ba, daga farkon hanya ta faro?

Kada in yaudari kaina. Na riga na yi sau ɗaya.

Alhamis ɗin da ta wuce da la'asar, coci babu kowa sai ƙurar da rana take haskawa. Na zaunar da ita a kan dandamalin katako kusa da babbar lasifika, na lallaɓa ta bayanta, na kunna. "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu. Shugaba!" Ta juyo! Da dukan jikinta ta juyo, baki buɗe, haƙora duk a waje. Na ɗauke ta na ruga gida kamar wanda ya ci kofi. Na kira Yaya, na kira Fasto, surukata har da 'yar rawa a tsakar gida. Kwana huɗu ina gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa na gwada ta da kaina, da kayan aiki, tana ji sarai.

Sai da safen nan nas ɗin da take rubuta sunaye ta ɗago kai ta dube ni ta saman tabarau. "A kan katako ka zaunar da ita? Malam, ai ko buhun siminti ka ajiye a wurin sai ya motsa. Jikinta ne ya ji."

Ni! Ni da na san lasifikar nan tana sa kofin ruwan Fasto tafiya a kan tebur, ni da nake cusa takarda a tagogi don kada su yi ƙara... Da muka zauna, Mamanta ta dube ni. "Injiniya," ta ce, "sannu da bincike." Muka yi dariya mu biyu, irin dariyar da ake yi da sauri kafin wani abu ya riga ta fitowa.

An kira na shida. Mun karkata.

Tsaya, me kuma ta gani? Yatsa ya miƙe. Ta taga — ƙadangare ne a kan katanga, mai jan kai, yana ta gyaɗa shi kamar dattijon da ya yarda da wa'azi. Tana nuna shi, sai ta juyo ta dubi fuskata, sai ta sake nuna shi. Ba so take in kamo mata ba, na san yatsan "ba ni", yana tafe da ƙugi. Wannan daban ne. So take in gani. Shi ke nan. Ta ga abu mai kyau, kuma bai gama yi mata kyau ba sai na gan shi tare da ita.

Na gani, Shugaba, na gani. Ƙato ne.

Akuya ta taɓa kiran 'yar'uwarta ta zo su kalli bakan gizo? Ban sani ba, sai na tambayi Yaya, kada in je in faɗi abin da ba haka ba a gaban jama'a. Amma an koya mana tun muna ƙanana cewa cikin kamanninsa Allah ya yi mu, kuma kullum ina ɗauka baki ake nufi, ko ƙwaƙwalwa. Idan kuwa wannan ne fa? Ya yi teku, ya yi taurari, ya yi jan kan ƙadangare, sa'an nan ya yi wanda zai nuna wa... Kai, wannan ya fi ƙarfin minti goma sha biyar. Ya fi ƙarfin mai takardar sakandare ma. Ina biro na?

Na bakwai.

Ɗakin ƙarami ne, bangonsa duk an lulluɓe da soso. Aiki mai kyau, ko amsa-kuwwa babu, da za a ba mu irinsa a bayan mawaƙa — a'a, ba abin da ya kawo ni ba ke nan. Mai gwajin ta ce in zauna a tsakiya, yarinya a cinyata, kada in yi magana, kada in waiwaya. Mamanta tana bayan gilashi. Ƙananan lasifiku biyu, hagu da dama. An ba Shugaba ƙwallon roba tana juya shi.

Ƙara daga hagu, siririya kamar kukan sauro. Ina jin ta har cikin haƙorina. Juya mana, 'yata. Hagu. Ƙwallon take kallo.

Wata kuma, ta ɗan fi ƙarfi. Ta juya! Ta —

"Baban yarinya, ka daina motsa gwiwa, kana ba ta amsa," in ji mai gwajin.

Ashe ni ne. Ban ma san ina yi ba. To. Na kafe ƙafafuna a ƙasa, na saki kafaɗa, na zama kujera. Bari in yi addu'a, ita dai ba a hana ni ba. Ya Uba... Ya Uba, ka... Ni da nake tsara addu'a layi-layi, da gabatarwa da rufewa, har matasa suna cewa kamar wasiƙar neman aiki — babu. Ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Ɗumin bayanta ne kawai a ƙirjina, da ƙanshin man gashinta, da wani abu a cikina da yake miƙewa sama ba shi da suna. Kuma ko kaɗan ban yi shakkar ana ji na ba. Bakina a rufe, amma ban yi shakka ba...

Hannun mai gwajin ya koma kan maɓalli. Daga dama wannan karon. Ƙwallon ya tsaya da juyawa a hannunta — ko ni ne nake son ya tsaya? Kada ka motsa. Kada ka motsa.