Kawu da Ajin Yamma

A cibiyar koyon aikin lantarki da ke saman shagon masu faci, ɗalibai sun fara guduwa. Mutum zai zo da zumuɗi, ya sayi sukundireba sabuwa fil, bayan 'yan makonni a nemi ƙeyarsa a rasa. Darakta kuwa tun da ya je wani taron bita ya dawo ba ya shan ruwa sai da hujja. Ya ce ba zai hukunta kowa da zato ba, kwamfuta ce za ta nuna mai laifi.

Aikin ya faɗa kan jami'ar bayanai, wadda kowa ke kira Alƙaluma. Cikin malaman cibiyar uku akwai kawunta, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta har ta gama jami'a. Shi kaɗai ke koyar da ajin yamma, saboda da safe yana asibiti da matarsa wajen wankin ƙoda.

Alƙaluma ta haɗa irin lissafin nan mai hasashen e ko a'a: ɗalibi zai gama ko zai gudu. Ta zuba masa shekaru, nisan gida, sunan malami, da lokacin aji. Manhajar ta ba kowanne lambarsa, amma ta bar gurbin lokacin aji fayau. A gaban sunan Kawu kuwa ta dasa wata ƙatuwar lamba mai cewa ɗalibansa ne suka fi gudu.

Alƙaluma ta duba ko rubutu ne ya karkace, ta sake shigarwa, har kashe kwamfutar ta yi ta kunna, maganin da ake wa kowace cuta a ofishin. Sai can ta gano bakin zaren. Duk ɗalibin yamma na Kawu ne, duk ɗalibin Kawu na yamma ne. A idon lissafi bayani ɗaya aka ba shi sau biyu, shi kuma ba ya son maimaici: wanda aka fara rubutawa yake riƙewa, ya watsar da na baya.

Ta sami Darakta yana fama da fankar ofishinsa.

"Yallaɓai, lissafin ba zai iya raba malami da lokaci ba. Ko Kawu ne, ko yamma ce ke gajiyar da mutane bayan sun taso aiki. Sai dai a ba wani malamin safe ajin yamma na zango ɗaya, mu gani."

"Zango ɗaya? Malama, hukumar gudanarwa jibi za ta zauna. In tsaya gabansu in ce kwamfuta ta ce ba ta sani ba?"

"Gaskiyar ke nan, Yallaɓai."

"Gaskiyar da ba ta da lamba ba ta shiga taro. Kawo mini takarda mai amsa ɗaya."

Ta koma kujerarta ranta a jagule. Ba ta goge komai ba, ba ta ƙara komai ba. Lokacin aji kawai ta ɗauko ta sa gaba, ta mayar da sunan malami baya. Nan take gurbin Kawu ya zama fayau, ƙatuwar lambar ta koma kan yamma. Wannan takardar ba ta fi ta farko ƙarya ba, ba ta kuma fi ta gaskiya ba, ita ta buga ta kai.

Darakta ya fito daga taro fuska a sake, ya tara ma'aikata.

"Kun ga amfanin ilimi. Da zato muka bi, da mun zalunci bawan Allah. Malam ba shi da laifi ko kaɗan, yamma ce matsalar. Saboda haka an rufe ajin yamma daga wannan makon. Malam, in kana so ka dawo safe."

"Safe, Yallaɓai?" in ji Kawu a hankali.

"Lissafi ne ya faɗa, ba ni ba."

Alƙaluma ta tarar da Kawu a kan matakala, akwatin kayan aikinsa a hannu ɗaya, naɗin waya a kafaɗa.

"'Yata, an ce kwamfutarki ce ta wanke ni tas," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Riƙe mini ƙofar nan in wuce."