Wankan Malam Buraima

Malam Buraima mahauci ya rasu da hantsi, ya bar wa matarsa Hadjara wasiyya guda: ɗansu Lukuman ne zai yi masa wanka. Faɗar ba wuya ga mai tafiya. Lukuman kuwa wata huɗu ke nan yana ɓoye a garin Baguida wajen masunta, tun da aka ce da hannunsa a takardun da ɗalibai suka watsa suna sukar jam'iyya. Jam'iyyar ɗaya ce tal a ƙasar, kuma ba ta son wargi.

Hadjara ta aika masa. Ta san ana nemansa, amma ta yi tunani irin na mutanen Zongo, unguwarsu ta Hausawa. An rubuta "Ba shiga" a ƙofar gidan, shekara talatin ko mai tallan ruwa bai taɓa ƙetarawa ba, balle a ce ɗakin da ake wankan gawa.

Lukuman ya iso kafin azahar, duk ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya naɗe hannun riga, ya shiga ɗakin. Baffansa Inoussa ne ke zuba masa ruwan magarya.

Ba a jima ba jandarmomi uku suka shigo zaure. Hadjara ta tare ƙofa da jikinta.

"Ranka ya daɗe, gawa ce a ciki. Baƙin maza ba sa shiga nan."

Babbansu ya ɗaga mata wata takarda mai hatimi. "Mama, doka ta ce mu shiga." Har hularsa ya cire, bawan Allah, amma takalmin yana ƙafarsa. Suka ratsa ta gefenta, suka taka tabarmar masu zaman makoki.

Daga tsakar gida ta jiyo muryar ɗanta yana roƙon babban nasu da Faransanci. "Chef, s'il vous plaît. Na gama wanke masa dama, hagu kawai ya rage."

Ba su jira ba. Suka fito da shi ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Bai kalle ta ba, ita ma ta gode da hakan, domin ta san ita ta kira shi, kuma baƙin cikin wannan ya fi mata na mutuwar ciwo.

Inoussa ya leƙo da buta a hannu, idonsa jajur. "Yaya, in sake wankan daga farko?"

Ta girgiza kai.

"A'a," ta ce. "Yi masa hagun kawai. Damar kuwa ka bar masa ita yadda ɗansa ya wanke."