Iyakar Gona a Cikin Disket

Malam Tahiru ne ya fara kai ordinatar, wato kwamfuta, gida a unguwarsu a Filinge, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Shekara talatin ya yi yana sakatare a wani biro, wato ofishin gwamnati, yana bugun takardu, har ya ajiye aiki. Yanzu in ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida zancensa ɗaya ne, na da. Da manyan abubuwa yake ƙidayar shekaru: shekarar da fari ya gama da shanu, shekarar babban taron ƙasa da kowa ya manne kunne a rediyo, sai ta uku wadda a gunsa ta fi su duka, shekarar da ya sauko da ordinatar daga motar Yamai, ƙatuwa, fara, mai ƙeya kamar tulu.

A shekarar nan ce baffansa Hamma ya zo daga ƙauye jinya. Hamma kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san iyakar gonar gidansu, wadda kakansu ya ara wa wani baƙo gefenta ya noma. A ƙasarsu ta Kurfai ba a takarda ake ajiye irin wannan ba. Tsoho ne ke ɗaukar 'ya'yansa ya zaga da su iyaka a ƙafa, a gaban maƙwabta, yana dafa itace yana nuna dutse, don in ya faɗi su tsaya a madadinsa. Da Hamma ya ɗan ji sauƙi sai ya nemi Tahiru ya bi shi ƙauye.

"Taho mu tahi in gwada ma da ƙahwa, ɗana, tun ina da sauran hunhwashi."

"Baba, wanga inji ba shi mantuwa. Kai dai hwaɗi, ni in buga."

Ya kori kowa daga ɗakin, wai yara za su taɓa waya, mata kuma surutu. Ya ja ƙofa. Tsoho yana faɗi, yatsun Tahiru suna gudu, yana jin daɗin kansa ba kaɗan ba. Sai dai gwanin bugu yana da wata cuta: magana daga kunne take sauka yatsu, ba ta biyawa ta zuciya. Ya sha buga takarda shafi goma ya tashi bai san me ke ciki ba. Haka ya yi wa maganar Hamma. Ya zuba ta a disket, ɗan faifan nan baƙi mai kusurwa huɗu, ya naɗe a ƙyalle ya jefa ƙasan akwati. Kafin damina Hamma ya rasu.

Shekara ashirin da 'yan kai suka wuce. Gonar tana hannun Habsatu, matar ƙanen Tahiru da ya mutu, da geronta take ciyar da marayunta. Rannan sai ga ta a Filinge ido jajur. Zaidu, jikan baƙon nan da aka ara wa gefe, ya share rabin gonar, ya ce gadonsa ne, an sa ranar zama gaban mai gari.

Tahiru dariya ya yi, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, Zaidu ya taro aradu da ka. Shi ai ya daɗe yana jiran ranar da za a san amfanin ilimi.

Ordinatar dai ta mutu tun tuni, ɓeraye sun haihu a cikinta. Ya aika wa 'yarsa Najiba disket ɗin a Yamai. Ta yi kwana goma tana yawo, samarin masu gyara suna jujjuya shi suna tambayarta ko mene ne, kafin ta dace da wani dattijo mai tsohon inji. Aka yi sa'a ya buɗe. Shafi uku ta aiko masa. Tahiru ya rungume su a ƙirji, har da ƙwalla, don ji ya yi ƙuruciyarsa ce aka maido masa a ambulan.

Ranar zaman da hantsi aka taru a bakin gonar. Ya sha babbar riga, ya ɗora tabarau, ya karanta da murya irin ta biro. Mai gari ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko akwai wanda ke wurin lokacin da marigayi ya faɗi haka. Babu, ai Tahiru da kansa ya kore su. Wani dattijo ya ce, ba da raini ba, takardar da mutum ya buga da hannunsa ba ta shaidarsa. Mai gari ya ce ba komai, Malam ya shiga gaba ya nuna iyakar a bi shi.

Takarda ta ce daga gawon da ya karkata zuwa tsohuwar rijiya. Tahiru ya ɗaga kai ya ga gawo huɗu, kowanne a miƙe. Wanda ya karkata an sare shi da daɗewa, rijiya kuma rairayi ya cinye ta. Ya yi gabas, ya dawo, ya sake duba takarda, ƙaya ta kama masa riga. Zaidu kuwa, wanda ko alif bai sani ba, ya taka tiryan-tiryan yana cewa nan ubansa ya tsaya da shi, nan ya dafa. Gaskiya ce ko ƙarya, ƙafarsa ba ta yi gargada ba.

Da magana ta ƙi ƙarewa aka kawo Alƙur'ani. Mai gari ya dubi Tahiru.

"Malam, kana rantsewa ka san inda iyakag ga take?"

Ya yi alwala, ya miƙa hannu. Ya laluba kansa ko zai tsinci muryar Hamma, ko kalma ɗaya, bai sami komai ba sai ƙarar maɓallai. Mai alfahari ne, amma yana tsoron Allah. Ya janye hannunsa.

"An hwaɗa min, ranka shi daɗe. Amma ban sani ba."

Zaidu ya rantse, aka shafa fatiha, aka watse. Baƙin ciki ya kama Tahiru, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi.

Habsatu ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta zo ta durƙusa a gefensa kamar yadda ta saba.

"Yaya, to bana ina za ni zuba iri?"

Ya dube ta, ya gyara tabarau. Sai ya ji bakinsa ya faɗi abin da ya shekara talatin yana faɗa wa talakawa a biro. Ya ce ta komo gobe.