Shafin Alhamis

Na dawo Skarvik da digiri biyu da akwati ɗaya, bayan shekara goma sha ɗaya ina karatu a Edinbara. Idon Mama ne ya dawo da ni. Ta daina ganin rubutu, sai inuwar mutane da hasken taga.

Ban cika wata biyu ba Fasto ya ɗora mini aikin ɗan littafin azumi. Kowace shekara cocinmu yana buga shi: kwana arba'in kafin Ista, shafi arba'in, kowane shafi mutum ɗaya ne cikin ikilisiya yake rubutawa. Aya a sama, ɗan labari daga rayuwar mai rubutun, darasin da ya ɗauka, sai addu'a layi biyu. Shafi ɗaya ake karantawa kowace safiya. Ba a leƙa na gobe. A wurin mutanenmu leƙen daidai yake da buɗe wasiƙar wani.

"Signe, ke da kika karanci rubutu, ki gyara mana waƙafi kawai," in ji Fasto.

Na gyara fiye da waƙafi. Shafukan sun ba ni haushi. Kowa "wata ƙawata", "wani maƙwabci", "kwanakin baya", "wani abu ya faru". Ba suna, ba launi, ba rana. A makaranta an koya mini cewa wannan ragwanci ne: in za ka ce kwano, faɗi wane kwano. Na mutane ban taɓa sosai ba, don ban san labaransu ba. Na Mama kuwa a hannuna yake, ni ta yi wa shifta.

Abin da ta faɗa gajere ne. Ta taɓa kai wa wata wani abu, bai dawo ba. Shekaru tana tunawa da shi duk sanda ta buɗe kabad, tana jin ɗan ƙaiƙayi a rai. Ran nan sai ta tambayi kanta: abubuwa nawa Ubangiji ya miƙo mata da bai taɓa aiko a karɓo ba? Shi ke nan, sai addu'a.

Washegari muna fere dankali na tambaye ta, kamar hira, wane abu ne. Ta ce kwanon tangaran ne, shuɗi, na mahaifiyarta, mai ɗan tsaguwa a hannu ɗaya. Dankali da nama ta gasa a ciki. Ranar jana'iza ce, ana dusar ƙanƙara har motar gawa ta maƙale a hanyar maƙabarta. Ban tambayi jana'izar wa ba. Na zuba duka a shafin, na ji daɗin yadda ya fito. Ban karanta mata ba.

An buga kwafi ɗari da ashirin, aka saka wa kowane gida nasa a akwatin saƙo na bakin ƙofar coci. Shafin Mama ya faɗo ranar Alhamis ta mako na uku.

Ranar Talatar makon Gudrun, sakatariyar coci, ta kira ni ofis. Ta rufe ƙofa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Allah ya gafarta mini, na leƙa gaba," ta ce. "Ina neman shafin jikata ne, idona ya faɗa kan na mahaifiyarki Ardis. Wa ya sa maganar motar gawa?"

"Ni."

"Ardis ta sani?"

"A'a. Me ya faru?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Sau nawa kike tsammani motar gawa ta taɓa maƙalewa a garin nan? Jana'izar Orlin ce, mijin Verla."

Verla ƙawar Mama ce tun kafin a haife ni. Tunda idon Mama ya tafi, kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe motarta take tsayawa a ƙofarmu. Ta shigo da littafinta a jaka, su sha kofi, ta karanta wa Mama shafin ranar. Ban da ni, ita kaɗai ce ke shiga gidan kullum. Ni kuma kowa ya san ba lallai in kai baɗi a garin ba.

"To kwano ne kawai," na ce. "Ta manta ta mayar."

Gudrun ta girgiza kai. "Ke a nan aka haife ki kuwa? Wa ke manta kwano? Kowanne da sunan mai shi a manne a gindi. Ranar, bayan mutane sun watse, ɗanta Curtis ya sha ya yi tatul. Suka yi cacar baki da uwarsa a kicin. Ya ɗauki kwanon nan da abincin a ciki ya maka a bango, kusa da kanta. Ya shiga mota ya tafi. Shekara shida ke nan, ko waya."

"Wa ya san wannan?"

"Kowa. Ba wanda ya taɓa faɗa, har yau da na faɗa miki."

Na ce a tattaro littattafan. Ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ɗari da ashirin, wasu a gonaki mil talatin daga gari, wasu an aika wa 'ya'ya a wasu jihohi. Kuma in aka ce a dawo da su, abin da kowa zai fara yi shi ne neman dalili.

Na fito na zauna a mota ban tayar ba. Na lissafa: yau Talata, saura safiya biyu. Ranar Alhamis gari duka zai karanta ranar da ta fi kowace muni a rayuwar Verla, da sunan Mama a ƙasa. Verla kuma da bakinta za ta karanta, a kan teburinmu.

Ranar Laraba ta zo kamar kullum. Ta buga takalmi a bakin ƙofa tana kakkaɓe ƙanƙara.

"Makauniya, kin tashi?"

"Na tashi, tsohuwa. Tun daga kan kwana na ji tarin motarki. Ku biyun ban san wa za ta riga mutuwa ba."

"Ita. Ni sai na binne ki."

Ta karanta shafin ranar, na wani manomi ne da ya rubuta kan shingen da ya ƙi gyarawa har shanun "wani maƙwabci" suka shiga masarar "wani". Suka yi dariya su biyu, don sun san kowane wani. A lokacin na gane. Kowa ya san wa ake nufi, amma tunda ba a faɗa ba, mutumin zai iya shiga coci ranar Lahadi da kansa a sama. Abin da na ɗauka ragwanci ne, shi ne mayafin da suke rufa wa juna.

Verla ta sa yatsa a gefen shafin gobe ba ta buɗe ba. "Gudrun ta ce naki ne gobe. In kin zage ni a ciki, ki faɗa tun yanzu."

"Sai dai ki jira kamar kowa," in ji Mama.

Na tashi na fara kwashe kofuna.

Tana fita na ɗauko littafin na karanta wa Mama shafinta, yadda aka buga shi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana shafa gefen tebur.

"Na ce miki shuɗi a saka?"

"A'a."

"Na ce motar gawa?"

"A'a, Mama. Na ga kamar zai fi rai ne."

"Zai fi rai." Ta maimaita a hankali. "Kin san me ya sa na yi shafin nan? Na san abin da ya sami kwanon tun ranar. Duk da haka shekara shida in na buɗe kabad sai in ji haushinsa. Ƙawata ta rasa miji da ɗa rana ɗaya, ni ina kewar tangaran. Laifina na kai gaban Ubangiji. Ke kuma kika ɗauki nata kika shanya."

"Zan yage shafin daga namu."

"Da nata take zuwa."

"To in ce Fasto ya yi sanarwa, kuskuren bugu ne."

"Ki ƙara tara mata ido ke nan. Ɗauki mota ki je ki faɗa mata. Kada ta fara jin abin nan daga bakinta gobe."

"Ki zo mu je tare."

"Ni ban rubuta ba."

Gidan Verla yana bayan rumbunan hatsi. Na same ta a gareji tana zuba wa tsuntsaye iri a gwangwani. Ba ta ce in shiga ciki ba, don ta ga fuskata.

"Ardis ce?"

"Lafiyarta ƙalau, Anti Verla. Ni ce na yi ɓarna."

Na faɗa mata a tsaye, cikin sanyi. Abin da Mama ta faɗa, abin da na ƙara, da cewa Mama ba ta sani ba sai yau. Ban ambaci Curtis ba. Ita ma ba ta ambace shi ba. Ta ci gaba da zuba irin har gwangwanin ya cika ya fara zuba ƙasa.

"Kwafi nawa?"

"Ɗari da ashirin."

"Har da wanda na aika wa ƙanwata." Ta rufe buhun. "Shekara nawa kika yi a can?"

"Sha ɗaya."

"Hm. Kin gama?"

"Ki yi haƙuri."

"Ki kula da ƙanƙarar bakin hanya in za ki fita."

Da na dawo Mama ta tambayi abin da ta ce. Na faɗa mata. Ta ce, "To." Ba ta ci abincin rana ba. Sau biyu ta ɗauki waya ta ajiye.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai Mama ta riga ta zauna a tebur, ta sa rigarta mai kyau, ta fito da kofuna uku da lalube. Bakwai da rabi ta yi, ba mota. Ba ta iya ganin agogo, amma tana jin rediyo, ta san lokaci. Na tsaya a taga. A wannan sa'ar, a gidaje ɗari da ashirin, ana buɗe shafin.

"Kina ganin wani abu?"

"Motar madara ce."

Ƙarfe takwas kofi ya huce. Na zubar na dafa wani. Na ce ko in karanta mata wani abu kafin nan. Ta ce kada in taɓa littafin. Wayar gida ta yi ƙara, ta zabura; Gudrun ce, tana tambaya ko ta zo. Na ce tukuna. Mama ta juya fuskarta bango. Na fara tunanin safiyoyin da suka rage mata, da wanda zai zauna a kujerar nan in na tafi.

Takwas da minti ashirin muka ji tarin motar.

Verla ta shigo ba ta buga takalmi ba, ba ta kira kowa makauniya ba. Idonta ya kumbura. Ta zauna, ta ciro littafin da tabarau, ta buɗe.

Ta karanta ayar. Sannan ta ci gaba, muryarta a miƙe: "Na taɓa kai wa wata wani abu, bai dawo ba."

Na dubi namu kwafin. Ba haka aka buga ba. Idonta yana bin layukan, bakinta yana tsallake su. Inda na sa shuɗi ta wuce. Inda na sa dankali da nama ta wuce. Da ta iso motar gawa ta ɗan tsaya, ta ce, "kwanakin baya." Ta kai ƙarshe, ta karanta addu'ar yadda take.

"Amin," in ji Mama.

"Amin. Ba laifi, makauniya. Ya fi na bara, da kika yi shafi guda kan tsintsiya."

Mama ta miƙa hannu tana lalube a kan tebur. Verla ta tura mata kofi cikin hannun, ta bar yatsunta a wurin na ɗan lokaci.

"Verla, ni ban..."

"Sha kofinki. Ranar Lahadi ba zan je coci ba, sai ki sa marubuciya ta kai ki. Gobe kuma bakwai da rabi, kada in same ki a gado."

Ta tashi ta mayar da littafin jaka. A bakin ƙofa ta juyo ta dube ni, karon farko tun shigowarta.

"Ke mai son a faɗi komai daidai. Uwarki ta manta. Ba shuɗi ba ne, kore ne. Ni na share shi daga ƙasa."