Rigar Matar Bakin Taga

"Ku jeru bibbiyu, kada wanda ya taɓa bango," in ji malamin zane. Yana gaba yana duba lambobin ɗakuna, ɗalibansa na biye da shi.

Kwana uku ke nan da jirgi ya sauke su a wannan baƙuwar ƙasa. Sun zaga gidan wani marubuci, sun shiga ɗakin karatu mai hawa biyar, amma a wurin Malam duk share fage ne. Abin da ya kawo shi yana ɗaki na tara a gidan adana zane-zane: hoton wata mata zaune bakin taga tana ɗinki. Shekara goma sha tara yana koyar da hoton nan daga littafi ɗaya tilo da makarantarsu ta mallaka. Duk shekara sai ya nuna shafin ya ce, "Ku dubi rigarta, ruwan toka. Baƙin ciki mai zanen yake nuna mana." Wanda ya rubuta haka a jarrabawa ya ci, wanda ya yi nasa wayon kuwa ya sha jan biro.

Suka shiga ɗaki na tara. Ga matar, ga tagar, ga allurar. Riga kuwa ja ce jawur, kamar nunannen tumatir.

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Riga na nan yadda take. Sai a lokacin ya tuna cewa tun kafin ya kama aiki littafin nan yake buɗe cikin akwatin gilashi, rana na dukan shafin kullum. Ashe rana ce ta cinye launin, shi kuma ya ɗora darasi a kai.

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wanzami dai ba ya son jarfa. Bayan wannan, wa zai sake yarda da maganarsa a aji?

Yara suka shiga satar kallonsa. Can wata yarinya da suke kira Uwar Tambaya ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, wataƙila sake mata fenti suka yi, ko?"

Ya gane sarai, ƙofar fita ta buɗe masa. Kai kawai zai gyaɗa a wuce ɗaki na goma. Har bakinsa ya motsa, sai ya sake duban matar. Wallahi murmushi ma take yi, ɗan ƙarami a gefen baki, wanda bai taɓa gani a shafin ba.

"Ba wanda ya sake mata fenti," ya ce. "Littafinmu ne ya koɗe, ni kuma na koya muku ba daidai ba. Ku yi haƙuri."

Wani dogo daga baya ya ce, "To Malam, maki biyar ɗina na bara fa? Ni na rubuta kamar tana jiran baƙo ne."

Dariya ta ɓarke har mai gadin ɗakin ya ɗora yatsa a baki. Malam ma bai san lokacin da ta kuɓuce masa ba.

"Za ka samu. Gani ya kori ji."

Ya zauna a bencin da ke gaban hoton, ya buɗe sabon shafi a littafin rubutunsa, ya cire murfin biro.

"To, ku faɗa mini abin da kuke gani. A hankali, don in samu in rubuta."

Hannaye suka tashi gaba ɗaya, abin da bai taɓa gani a ajinsa ba.